Kifin da Mama Aili Ta Roƙa

Gari ya waye amma rana ba ta leƙo ba. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, ya bar wata iska mai ɗumi da nauyi, irin wadda ke manna wa mutum riga a baya tun bai fara aiki ba. Reino ya kashe injin ƙaramin jirginsu, ya ja shi kan yashi, ya ɗaure a jikin itace. Daga nan kuma sai ƙafa. Tafkin Cokali yana can bayan tudu da fadama. Mota ba ta zuwa, jirgin inji ba ya zuwa, sai wanda ya yarda ya goya kayansa ya bi 'yar siririyar hanyar da ta shige daji.

Orest, mijin yayarsa Helmi, bai motsa daga cikin jirgin ba. Yana ta kurɓar kofi daga filas.

"Fasto," in ji shi, don haka yake kiran Reino saboda rashin maganarsa, "dubi ruwan nan da muke kai. Kifi ne fal a ciki. Mu jefa ƙugiya a nan, mu kama abin da za mu kama, mu koma gida mu miƙe ƙafa. Tsohuwa za ta tambayi kifi takardar haihuwarsa ne?"

"Na Cokali ta ce."

"Na ji na Cokali ta ce. Ni ma ai ina wurin."

Gobe ne za a kai Mama Aili, mahaifiyar Reino da Helmi, gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma ba wanda zai iya zama da ita dare da rana. Yau da yamma ne cin abinci na ƙarshe a teburin gidan da ta raine su. Da Helmi ta tambaye ta me take so a dafa, sai ta ce kifin wolai soyayye, amma na Tafkin Cokali, inda marigayi mijinta, Baba, yake kamowa. Tun da aka fara maganar tashin nan ba ta roƙi komai ba, ba ta yi gardama ba, sai wannan kaɗai. To ka ji abin da ya fito da su.

Reino ya goya babbar jaka, ya ɗauki sandunan fatsa. Orest ya ɗauki kwanon abinci da ɗan bokitin matsattsaku, waɗanda za su sa a ƙugiya. Suka shiga daji.

Hanyar ta lalace ƙwarai. Inda a da ake taka busasshiyar ƙasa, yanzu baƙin taɓo ne mai wari, in ka sa ƙafa sai ya riƙe ta kamar ba zai saki ba. Iska ta kayar da itatuwa sun gitta hanya, wani a haura, wani a rarrafa ta ƙarƙashi da jaka a baya. Sauro kuwa ba a magana. Ga kuma ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu shiga bayan kunne su ciji mutum, ba ya ji sai ya shafa ya ga jini a yatsa. A tsakiyar fadama taɓo ya cire wa Orest takalmi ɗaya. Ya tsaya da ƙafa guda yana zagin taɓon, da sauron, da duk wanda ya fara gano tafkin nan, har sai da Reino ya ajiye sanduna ya zura hannu zuwa gwiwar hannu ya zaro masa.

"Saboda kifi," in ji Orest, yana zazzage laka daga takalmin. "Kifin da ake sayarwa a kanti, a wanke, a cikin leda. Kai da babanka duk kanku ɗaya."

Reino ya ɗauki sandunan ya ci gaba da tafiya. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne ba su ɗauko kwalekwale a ka ba. Na Baba yana can yana jiransu. Tun kafin a haifi Reino Baba ya ɗauke shi a kafaɗa ya ratsa wannan hanyar da shi, bai kuma sake fito da shi ba. A bakin tafkin yake zama, a kife a kan gungume biyu, filafilai a ɗaure a ƙarƙashinsa. Wanda Allah ya kawo zai iya shiga, ba a hanawa, amma in ya gama ya wanke ya kife yadda ya tarar. Kuma ba a faɗa wa kowa inda tafkin yake. Ko a taswira ba shi da suna, Baba ne ya sa masa Cokali saboda siffarsa. In an tambayi Baba inda ya kamo kifi, sai ya nuna bakinsa ya ce, a nan ƙugiya ta kama shi. Orest ma sau ɗaya aka taɓa kawo shi, shekarar da ya auri Helmi.

Ba su ga ruwan ba tukuna wari ya tare su.

Reino ya ɗauka wata dabba ce ta mutu a daji. Sai da suka sauko gangaren, itatuwa suka buɗe, ya ga kwalekwalen. Ba a kife yake ba. Yana zaune a buɗe, rabinsa a kan duwatsu, cike da ruwan sama wanda ya zama kore. A cikin ruwan kawunan kifi ne da hanji da ƙashin baya, sun kumbura sun yi fari, wasu sun narke. Inda ruwan bai kai ba, a kan mazaunin gaba, tsutsotsi ne ke ta motsi a kan juna. Gwangwanayen giya na yawo a sama. An bar wani kwanon ƙananan kifayen ƙugiya a rufe, sun mutu sun zama kunu. Filafili ɗaya na kwance a toka, an ƙona bakinsa wajen tona wuta. Can gefe, dab da inda ake ɗibar ruwan sha, fararen takardun bayan gida ne a warwatse cikin ciyawa, ba wanda ya ko tura musu ƙasa.

Reino ya sauke jakar a hankali. Ya juya ya dafa itace, abin da ya ci da asuba ya dawo.

"Kai, tir!" in ji Orest, ya toshe hanci da hula. "'Yan iska! Sai da na ce wa Duane su kife shi in sun gama. Sai da na..."



Reino ya goge baki da bayan hannu, ya dube shi.

"Wane Duane?"

"Wani ne a wurin aikinmu. Kai, kar ka dube ni haka, Fasto. Hira ce kawai muke yi bayan an tashi. Kowa na cika baki da inda yake kamun kifi, ni sai in zauna kamar gunki? Ban ce su zo ba. Na dai ce akwai wani wuri."

"Ka gaya musu hanya."

"Na ɗan zana masa a bayan kwalin sigari. Wa ya san zai ajiye?"

Reino ya naɗe hannun riga, ya kama gefen kwalekwalen.

"Kama can."

Suka karkata shi. Abin da ke ciki ya zubo da wata ƙara mai kauri, ya fantsamar musu a wando, warin ya tashi sabo kamar an buɗe masai. Orest ya yi baya yana kakari. Reino ya tona rami da ƙonannen filafilin ya tura ƙazantar ciki ya rufe. Ya ja kwalekwalen cikin ruwa, ya dirje shi da yashi da damin ciyawa, ya ɗauraye, ya sake dirjewa. Tsutsotsin sun shige ƙarƙashin mazauni, sai da tsinke ya riƙa zaƙulo su. Yana cikin haka ya lura da ƙasan ruwan bakin gaɓa. Nan ma an zubar da ragowar kifi da yawa, suna kwance a kan yashi, fari fat. Baba ba ya taɓa zubarwa a nan. Can kan wani dutse a tsakiyar tafki yake kaiwa, tsuntsaye su cinye kafin yamma.

Duk da wankin, da suka shiga suka tura, warin na nan tare da su.

Amma tafkin bai canza hali ba. Sama a lulluɓe take, 'yar iska na kaɗa fuskar ruwa, irin yanayin da wolai ke so ke nan. Reino ya tuƙa su zuwa inda wuyan cokalin ya buɗe, wurin da duwatsu suka gangara cikin zurfi. Ya zura hannu a bokiti, matsattsaku ya manne masa a yatsa, ya ɓamɓare shi ya soka a ƙugiya ya saki zare. Bai daɗe ba ya ji ɗan taɓi, kamar yaro ya ja maka gefen riga. Ya jira kaɗan, ya fizga. Kifin ya taso yana walƙiya, ruwan zinariya a gefe, da manyan idanun nan nasa masu kama da gilashi mai hazo. Daidai kasko. Kafin hantsi ya yi nisa sun kama huɗu, biyu nasa biyu na Orest, duk masu kyau. Suka zura musu igiya ta baki suka sake su a ruwa a gefen kwalekwale don su zauna da rai.

"Ka gani ko?" in ji Orest, murya ta dawo. "Me aka rage maka? Kifinka na nan. Duane bai kwashe tafki a aljihu ba."

Sai gajimare ya yaye, rana ta buɗe, cizon ya tsaya cak. Huɗu sun isa teburin mutum huɗu. Reino ya juya su zuwa gaɓa.

Da sun kama hanya a lokacin, da shi ke nan. Amma Reino ya kasa tafiya ya bar wurin haka. Ya ce wa Orest ya kula da kifin, shi zai tattara gwangwanaye da ledoji, ya binne takardun nan. Orest ya ɗaure igiyar kifin a jikin wata saiwa a ruwa mara zurfi, daidai inda abokansa suka zubar da ragowar nasu, ya hau kan dutse ya buɗe kwanon abinci. Ya ci burodi da nama, ya ci rabon Reino ma kaɗan, ya jingina ya rufe fuska da hula.

Reino na dawowa da baƙar leda cike da shara ya ga igiyar tana motsi, irin motsin da ba na kifi ba. Ya saki ledar ya ruga. Da ya ja, sai ya ji nauyi kamar ya kamo gungume. Wata ƙatuwar kififiya ce ta taso, bayanta duk gansakuka, matsattsaku sun yi mata layi a wuya, bakinta kamar ƙugiya. Ta dube shi ba tsoro, ta gatsa abin da ke bakinta ta yage, ta nutse a hankali. Ta saba samun abinci a wurin, ai an yi mata kwanaki ana ciyar da ita.

Ya ɗaga igiyar. Kawuna uku ne ke lilo, hanji na zuba. Na huɗun da sauran rai, bakinsa na buɗewa yana rufewa, amma daga ciki zuwa wutsiya babu.

Orest ya sauko yana mutsuka ido. Ya dubi igiyar.

"Ai ka ce in kula da su, ba ka ce in zauna a kansu ba," in ji shi daga baya, amma a hankali ya faɗa.

Reino ya kashe na huɗun don ya huta. Ya zare su duka daga igiya ya sa a kwalekwale, za a kai kan dutsen tsuntsaye. Hannunsa na ta ƙarni, ya wanke, ƙarnin bai tafi ba.

"Shiga," ya ce.

Suka koma ruwa da rana tsaka, lokacin da duk mai hankali ya san wolai ya sauka zurfi ya rufe baki. Suka gwada wuyan cokalin, shiru. Suka gwada bayan wani tsibiri, shiru. Rana ta dake su, ƙasan kwalekwalen ya yi zafi, tsohon warin ya sake tasowa daga haɗin ƙarfen jikinsa. Matsattsakun cikin bokiti suka fara laushi suna mutuwa. Reino na ta duban inuwar itatuwa tana tsawo. Ga hanyar daji a gaba, ga tafkin farko, ga tafiyar mota. A ransa ya hango Helmi ta fere dankali, ta zuba gari a faranti, Mama na zaune a kujerarta kusa da taga ta sa rigarta mai kyau.

Har ya buɗe baki zai ce su haƙura, sandar Orest ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa.

"Dutse ne," in ji Orest. Sai dutsen ya fara tafiya. "Kai! Fasto! Raga, ɗauko raga!"

Da ƙyar ta shiga ragar. Reino ya daɗe bai ga wolai kamarta ba. Tsawonta ya kai hannunsa tun daga kafaɗa, bayanta baƙi ƙirin don tsufa, ga wani tsohon tabo a gefe. Ta kwanta a ƙasan kwalekwalen tana numfashi a hankali.

"Ta ciyar da mu har da maƙwabta!" in ji Orest yana dariya. "Ɗauke ni hoto tukuna."

Reino bai ɗauko waya ba. Wolai ba ya kai wannan girman sai mace, kuma tsohuwa. Irinsu ne ke cika tafki da 'ya'ya. A gidansu ba a cin su. Baba yakan riƙe irinta a cikin ruwa da hannu biyu, yana kaɗa ta a hankali har ta farfaɗo ta fice, ko da kuwa ranar ba a kama komai ba. Reino ya sa hannu a ƙarƙashin cikinta, ya ji sanyinta da nauyinta. Ya dubi ruwa. Ya dubi rana, ta riga ta karkata.

"Kar ka soma," in ji Orest. "Na rantse in ka sake ta, kai za ka gaya wa tsohuwa da bakinka."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ɓata wa Reino rai ke nan. Ya ɗauko ƙonannen filafilin. Bugu ɗaya bai isa ba, sai da ya ƙara.

A kan dutsen tsuntsaye ya gyara ta. Tsokar ta fito da kauri kamar tafin hannu. Ya naɗe ta cikin jiƙaƙƙiyar gansakuka mai sanyi, ya sa a tsakiyar jaka. A gaɓa suka ɗora kwalekwalen kan gungumensa a kife, ya ɗaure filafilan. Ledar shara kuwa ya miƙa wa Orest, Orest ya karɓa. Duk tsawon hanyar tana ɗiga masa wani ruwa a bayan wando, yana tafe yana tsaki, amma bai ajiye ba.

Rana na dab da faɗuwa suka iso gida. Kwalaye ne jere a falo, an cire hotuna daga bango, sai teburin cin abinci kaɗai aka bari yadda yake. Helmi ta tare su a ƙofa, ta ja da baya.

"Me ya mutu a jikinku? Ku tuɓe a waje, dukanku. Orest, kar ka taka min nan da wannan takalmin."

Ta yanka tsokar gunduwa gunduwa, ta birkiɗa a gari, ta soya da man shanu a tsohon baƙin kasko. Aka zauna. Mama Aili ta sa tabarau, ta dubi farantinta. Ta juya gunduwar da cokali mai yatsu, ta ga kaurinta, ta daɗe tana kallo.

"Uwa ce wannan," ta ce.

"E, Mama," in ji Reino.

Ta gutsura ta kai baki, tana taunawa a hankali. Naman tsohon kifi ne, da ɗan gauɗi, ba laushin da ta sani ba. Amma ta ci. Ta cinye gunduwar, ta nuna wa Helmi ta ƙara mata rabin wata. Reino ya kai loma ɗaya baki, warin kwalekwalen ya dawo masa a hanci, ya ajiye cokali ya koma kan dankali.

"Kwalekwalen yana nan?" in ji Mama.

Orest ya daina tauna.

"Yana nan," in ji Reino. "A kife."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da cin abincinta.

Helmi ta dubi fuskar ƙanenta, duk ta kumbura da cizo. "To, wahalar ta biya kuwa?"

"Ta biya mana!" in ji Orest, ya gyara zama, ya buɗe hannuwa. "Ke ba ki ga yadda ta ja mu ba. Na ce wa Fasto riƙe kwalekwale, bar ni da ita. Ta yi ƙasa, na ce ina, yau sai kasko..."

Yana cikin labarin ya juya kai wajen Mama, sai Reino ya hango wani baƙin ɗigo a bayan kunnensa, a gindin gashi. Kaska ce, ta riga ta kafa kai. Ya tashi ya zagaya bayan kujerar, ya kama ta da farce dab da fata, ya ja a hankali har ta fito duka.

"Kai, mene ne haka, ina magana," in ji Orest, ya ture masa hannu ko waiwayowa bai yi ba. "Ina na tsaya? Yawwa, sai ta sake yin ƙasa."

Reino ya kai ta murhu, ya ɗaga murfin ya jefa a wuta, ya wanke hannu ya dawo ya zauna.